Sai Birtaniya Ta Fita

Alhamis, 31 ga Oktoba, 2019

Yau ce ranar da aka ce Birtaniya za ta fice daga Tarayyar Turai. Ba ta fice ba. An sake ɗagawa zuwa ƙarshen Janairu, kuma wai sai sun yi zaɓe a tsakiyar Disamba.

Ni da ban taɓa taka Landan ba, ina zaune a unguwar Sentul, nan ƙasar 'yan Malay, ina share hawaye saboda majalisar wasu mutane ta kasa yanke shawara. Da wata aka ba ni labarinta haka, da na yi mata dariya.

Digirin Abban Hadiyya na uku a kan wannan ficewar ne, wato yadda za ta shafi cinikinsu da ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. Duk babobin sun kammala tun bara, ni na buga masa su da hannuna. Saura na ƙarshe, shi kuma ya kafe ba zai rubuta ba sai ya ga irin yarjejeniyar da za a fita da ita. Farfesarsa, wata dattijuwa 'yar Malay mai haƙurin gaske, ta ce masa tun a Maris, “Kalilu, ka ja layi, ka ce a nan bincikenka ya tsaya.” Ya ce shi ba ya aikin rabi da rabi. A Maris ya ce mini Afrilu. A Afrilu ya ce Oktoba. Yau ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce, “Maman Hadiyya, zaɓen nan kawai. Da an yi shi komai zai fito fili, sai gida.”

Inna na kwance a Kano tun bayan Babbar Salla, ɓarin jikinta ya taɓu. Ni kuma cikina wata shida. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: in ga uwata.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Yaya Murja ta riƙe wa Inna waya muka ga juna. Bakinta ya ɗan karkace amma maganar na fita. “Auta, har yanzu Turawan ba su sallame ku ba?” A zatonta Abban Hadiyya aiki yake yi musu. Na gaji da yi mata bayani, na ce saura kaɗan.

Ta ce in zo in haihu a ɗakinta kamar na Hadiyya, ko ba ta iya ɗaga tukunya za ta zauna a kujera ta ga an yi mini wanka yadda ya kamata. Ta sa an ajiye mini kanwa da gero tun yanzu.

Hadiyya ta leƙo ta ce, “Hi, Kaka.” Inna ta ce, “Wannan kishiyar tawa ta zama Baturiya.” Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Talata, 5 ga Nuwamba

Asibiti. Jinina ya ɗan hau. Likita ta ce in zan yi doguwar tafiya a jirgi in yi kafin ƙarshen wannan watan, daga nan ba za ta sa hannu ba.

A jirgin ƙasa muna dawowa na ce wa Abban Hadiyya to ni da Hadiyya mu yi gaba, shi ya biyo mu. Sai da muka sauka a Sentul ya ce fasfo ɗinmu duka suna makaranta, ya miƙa su makon jiya a sabunta biza tunda ya nemi ƙarin zangon karatu. In aka janye nawa yanzu, nasa ma ya lalace.

Makon jiya. Bai ko yi mini tari ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Hutun Maulidi. Abokansa suka cika falon tun bayan Azahar, kamar kowace Asabar tun da aka fara wannan rikicin na ficewa. Ba mai ƙuri'a a cikinsu ko ɗaya, amma in ka ji su sai ka rantse da su za a kafa gwamnati.

Ɗan'azumi, mijin ƙawata Hureira, injiniya ne, siyasa ba fanninsa ba ce, shi ya sa ya fi kowa ɗaga murya. Yana bayan Firaminista da jam'iyyarsa ta masu ra'ayin riƙau. Abban Hadiyya kuma yana bayan jam'iyyar Leba. Daga kicin ina jin su.

“Malam Kalilu, seriously, mutum ya ce shi ne shugaban jam'iyya, amma rabin mutanensa na son a fita, rabi na son a zauna, shi kuma yana tsakiya yana shafa gemu? Wannan ba leadership ba ne.”

“Naka fa? Da 'yan majalisarsa suka ƙi bin sa ai korar su ya yi. Shugabanci ke nan a wurinka?”

“At least an san inda ya dosa, lah!”

Malam Ubaidullah, wanda shi ne babba a cikinsu kuma shi ke jan su salla, yana ta “ku bi a hankali, ku bi a hankali,” ba mai jin sa.

Na kawo musu shayi. Ɗan'azumi ya ce, “Yauwa, Maman Hadiyya, ke kika buga babobin nan, raba mu.” Ban yi niyya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce mutane sun ce za su koma gidansu shekara uku ke nan, a bar su su tafi mana, ko da yarjejeniya ko babu. Ɗan'azumi ya tafa yana cewa ya samu ƙuri'a. Abban Hadiyya bai yi dariya ba, ya san ba da Birtaniya nake ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Fasfo shiru. Ruwa tun La'asar, shanyata ta sake jiƙewa.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Jiya shugabannin jam'iyyun biyu suka yi muhawara a talabijin. Lokacinsu bai zo daidai da namu ba, sai yau da hantsi muka kalli maimaici, ni ina tsinke alayyahu, shi da biro a hannu.

Firaminista na ta nanata cewa yarjejeniyarsa a shirye take, a ba shi rinjaye kawai ya gama. Na Leba ya ce zai koma ya sake tattaunawa da Turai, sannan ya dawo ya sake tambayar jama'a. Masu kallo a zauren sun yi wa kowannensu dariya. Abban Hadiyya ya ce kin ga, in na biyun ya ci, komai sabo zai koma, babin da zai rubuta daban ne gaba ɗaya.

Na ce, “Wato wanda kake goyon baya in ya ci, mun ƙara wata shida ke nan?”

Ya ce ba haka ake kallon abin ba.

To ni haka nake kallonsa. Allah ya gani, ban san Firaministan nan mai hargitsattsen gashi ba, ban kuma yarda da shi ba, amma yau har addu'a na yi masa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mun yi faɗa. Irin wanda ba mu taɓa yi ba.

Shugaban Leba ya fito ya ce in aka sake ƙuri'ar raba gardama shi ba zai goyi bayan kowane ɓangare ba. Abban Hadiyya na ta yabon wannan, wai dattaku ne. Na ce ba dattaku ba ne, tsoro ne, kuma na san wani mai irin halin a gidan nan. Mutumin da ba zai ce e ba, ba zai ce a'a ba, sai dai a jira, a jira, har abin ya yanke kansa.

Da ya buɗe baki muryarsa a ƙasa take. Ya ce in ya miƙa aikin yau, zaɓe ya zo ya juya komai, masu jarraba shi za su yi kaca-kaca da shi, ya koma jami'ar da ta turo shi hannu rabbana bayan shekara huɗu. Ya ce kullum da wannan yake kwana. Ya ce, “Sakina, Inna uwata ce ni ma. Wallahi ranar da fasfo ya fito, ranar zan sa ku a jirgi.”

Na yarda da gaske yake. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, kullum da gaske yake.

Talata, 26 ga Nuwamba

Ciwon ya sake bugun Inna. Tana asibiti. Magana ta ɗauke.

Yaya Murja ta kara mata wayar a fuska. Ta kalle ni, ta kalle ni. Na ce Inna ni ce, Auta ce, ina nan tafe. Yatsunta biyu suka motsa a kan zanin gado. Ban san ko kirana take ba ko sallama.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Fasfo ya fito. Ya shigo da su a guje, gumi sharkaf, ko takalmi bai cire ba. Muka wuce asibiti karɓar takardar izinin hawa jirgi.

Likita ta auna ni, ta sake aunawa, ta kalli ƙafafuna da suka kumbura. “Tak boleh,” ta ce, ba zai yiwu ba. Jinin ya hau sosai, ko Penang da ke nan cikin ƙasar ba za ta bar ni in je ba balle Afirka. Kwanciya, magani, ba gishiri. Ta ja Abban Hadiyya gefe, amma na ji ta: kada a bari wani abu ya tayar mini da hankali, in ba haka ba ni da abin da ke cikina duka muna cikin haɗari.

A tasi ya riƙe hannuna. Na bar masa, ba ni da ƙarfin janyewa.

Litinin, 2 ga Disamba

Kwance. Hureira ta zo ta yi mini shara, ta kai Hadiyya makaranta tare da Rayyan ɗinta. Ta ce tunda ƙarshen Janairu zan haihu, za mu ga wa zai riga fita, ɗana ko Birtaniya. Na yi dariya don kada ta ji kunya.

An ce Inna ta sha kunu cokali biyu.

Alhamis, 5 ga Disamba

Bayan Azahar wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya fita baranda ya ja ƙofa. Ya daɗe. Da ya dawo ya ce Farfesa ce, a kan babin. Ya shiga banɗaki ya saki ruwa.

Ya sauka wurin mamak, mai shagon abinci, ya yi mana tapau, wato ƙunshin shinkafa, ya zuba mini, shi bai ci ba. Wai cikinsa.

Na kira Yaya Murja ba ta ɗaga ba. Ko suna wurin likita.

Juma'a, 6 ga Disamba

Saƙon Yaya Murja a rubuce: Inna na barci, likita ya hana a riƙa kara mata waya, in kwantar da hankalina. Yaya Murja da ba ta iya rubuta layi biyu ba sai ta danna ta yi magana.

Asabar, 7 ga Disamba

Muhawara ta ƙarshe kafin zaɓe, yau suka taru kallon maimaicinta. Tun jiya Abban Hadiyya ya ce yana so a yi waina, mai yawa, a ci a nan, sauran a kai masallacin da ke ƙasan bene. Na ce waina don muhawara? Ya ce ai ita ce ta ƙarshe. Ya ce Hureira da matar Malam Ubaidullah za su zo su yi, ni in kwanta.

Sun zo da sassafe, kowacce da dogon hijabi. Na ji su a kicin, ba hira, sai ƙarar cokali. Da na leƙa na ga Hureira na shirin zuba ƙullun tandar ba ta yi zafi ba, raina ya ƙi. Wannan tandar Inna ce ta saya mini a Kurmi da za mu taho, kuma ita ta koya mini: a bar mai ya yi zafi har ya fara motsi, a zuba, kada a taɓa sai gefen ya yi ja. Na ja kujera na zauna a gaban murhu na ce su ba ni wuri. Hureira ta ce, “Don Allah, Maman Hadiyya, ki bari.” Na ce a zaune nake, likita ba ta hana zama ba. Na toya ta tas, tun daga farko har ƙarshe. Ina yi ina ba su labarin yadda Inna ke ƙwace ludayi daga hannuna in na yi gaggawar juyawa. Hureira ta ce hayaƙi ya shiga idonta, ta fita baranda.

Mazan sun fi na kullum yawa, har da waɗanda rabona da su tun Salla. Duk da manyan kaya da huluna. Aka kunna talabijin, mutanen biyu suna ta jifan juna da magana a kan yarjejeniya da asibitoci da wa ya cancanci riƙe ƙasa. Falon tsit. Ɗan'azumi, wanda ba ya bari a kai ƙarshen jimla, yana zaune ya haɗa hannu yana kallon kafet. Na ce masa daga ƙofa, “Yau mutumin naka bai burge ka ba ne?” Ya ce, “Ya yi ƙoƙari,” bai ɗago ba.

Kafin su watse Malam Ubaidullah ya ce a yi addu'a. An ja ƙofar falo. Ta yi tsawo, ban ji kalmomin ba, sai amin, amin.

Wainar ta yi kyau. Na ɗauki hotonta na tura wa Yaya Murja ta nuna wa Inna in ta farka.

Litinin, 9 ga Disamba

Zauren gidanmu na waya, da ba ya minti goma ba a turo wani abu ba, ko wa'azi ko hoton biki, shiru tun Alhamis. Yaya Murja ta ga hoton wainar, ba ta ce komai ba.

Laraba, 11 ga Disamba

Ya sayo dabino da ruwa ya kai masallaci. Ban tambaya ba.

Gobe zaɓe. Takardunsa na kan tebur yadda ya bar su tun makon jiya, ƙura ta fara hawa. Ina jin motsin yaron sosai yau. Akwai tambayar da ke bakina, in na yi ta ba ta komawa.

Juma'a, 13 ga Disamba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bari in rubuta yadda ya faru, ko zuciyata ta sauka.

Sun rufe rumfunan zaɓe daidai lokacin Asubarmu. Ya dawo daga masallaci ya kunna talabijin, na fito na zauna a gefensa. Aka sa hasashen farko: masu ra'ayin riƙau sun yi rinjaye mai yawa, Leba ta sha ƙasa. Za a fita a Janairu. Abin da ya shekara uku yana jira ke nan, amsar babinsa, ga kuma mutuminsa ya faɗi warwas. Na juya in ga fuskarsa.

Ba allon yake kallo ba. Cikina yake kallo.

Mutumin da in aka yi ƙaramar ƙuri'a a majalisarsu sai ya tashi tsaye yana bayani da hannu biyu. Ko biro bai ɗauka ba. A nan na daina yi wa kaina ƙarya. Na ɗauki rimot na kashe. Ban ce masa me ya faru ba, na ce, “Ranar yaushe?”

Ya buɗe baki zai ce wani abu. Na ce, “Kalilu.” Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba.

Ya ce, “Alhamis ɗin makon jiya. Bayan Asuba. An kai ta kafin Azahar.”

Ya ce Yaya Zahraddeen, babban wanmu, shi ya kira shi, ya ce kada a gaya mini sai na sauka, haka manya suka yanke, mai ciki ba a yi mata irin wannan albishir, balle ga maganar likita. An gargaɗi kowa a gida. Sun buɗe wani zauren ban da ni.

Na ce, “Asabar fa?”

Ya sunkuyar da kai. Sadakar uku ce. Ta'aziyya suka zo yi masa. Shi da kullum yake cewa sadakar uku ba ta da asali, ya ce ya san Inna za ta so, kuma ya kasa barin ranar ta wuce haka. Bai zaci zan tashi in karɓi tandar ba.

Na toya wainar sadakar uwata da hannuna ina ba da labarinta ina dariya, mata biyu na tsaye a kaina sun sani.

Ban yi ihu ba. Ya ɗauko abin awon jini, na miƙa masa hannu ya auna.

Asabar, 14 ga Disamba

Na yi magana da Yaya Murja. Mun yi kuka har katin ya ƙare, ta sake kira. Ta ce in yafe mata, kullum in ta ga saƙona sai ta shiga ɗaki ta toshe baki. Hoton wainar kuwa ta ce har yau ba ta iya sake buɗe shi ba.

Na tambaye ta ko Inna ta bar mini wata magana. Na so ta yi mini ƙarya, tunda sun iya. Ta ce, “Ba ta ce komai ba, Sakina. Ba ta iya ba.”

An raba kayan ɗakinta jiya. An kulle ɗakin.

Shi kuma yana ta kai da kawo, ya kawo ruwa, ya kawo magani, ya tsaya a bakin ƙofa. Ban san wanne zan fara jin haushi ba, ɓoyewar ko jiran da ya kawo mu nan. Ɓoyewar ba shi ya yanke ba, kuma da ni ce a wurinsu wataƙila haka zan yi. Jiran kuwa nasa ne shi kaɗai. Maris fa. A Maris Inna da ƙafarta take zuwa kasuwa.

Talata, 17 ga Disamba

Sun dawo ta'aziyya, wannan karon da sunanta. Mata cike da ɗaki, har da maƙwabciyarmu 'yar Malay da ta kawo ayaba da burodi ta zauna ba ta jin ko kalma ɗaya. Hureira ta kasa haɗa ido da ni sai da na jawo ta.

Ɗan'azumi ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, “Maman Hadiyya, Allah ya jiƙan Inna. Ranar nan da kika yi mini magana, wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.” Na ce ai mutuminsa ya ci, in taya shi murna. Ya ce, “Wane mutumi,” ya share ido da hularsa.

A waje na ji wani sabon ɗalibi ya fara cewa yanzu wa zai gaji shugabancin Leba tunda dattijon ya ce zai sauka. Ba wanda ya amsa masa.

Hadiyya ta tambaye ni, “Mama, is Kaka in Jannah?” Na ce in sha Allah. Ta ce to wa za mu je gani a Kano? Na ce ta je ta wanke hannu ta ci abinci.

Lahadi, 22 ga Disamba

Ya gama babin. Ko mako biyu bai kai ba. Ya buga abinsa da kansa da yatsa biyu, bai ce in taya shi ba, ni ma ban ce ba.

Ya zo ya zauna a bakin gado ya ce gobe zai kai wa Farfesa. Ya ce da na haihu na yi arba'in, ko an kira shi kare aikin ko ba a kira ba, zai kai mu gida. In faɗi rana kawai. Ya ce, “Sakina, na san ba abin da zan ce.” Na ce haka ne.

Ban faɗi ranar ba. Na ce ya bari ya kare aikin tukuna, kada a yi biyu babu. Ya dube ni kamar bai gane mai maganar ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Jinin ya sauka. Likita ta ce in ɗan riƙa takawa.

Muka je unguwar Kampung Baru Hadiyya ta ci nasi lemak ɗinta, shinkafar nan ta kwakwa, daga nan na ce mu biya kasuwar Chow Kit, daddawar da ta rage mini sai an daka. A layin masu kayan kicin akwai wani tsoho mai sayar da turmin dutse irin nasu na nan, baƙi, mai kauri, da taɓaryarsa ita ma ta dutse. Shekara huɗu ina wuce shi. Ina daka yaji a tsohon gwangwani da ƙotar wuƙa, don duk abin da na saya a garin nan sai na fara auna shi da akwati.

Na ce a ba ni babban.

Abban Hadiyya ya ɗaga shi da hannu biyu, ya yi nishi. Ya ce, “Maman Hadiyya, wannan ai ba zai shiga jirgi ba.”

Na ce na sani.

Ya rungumo shi har gida, lif ya lalace, ya hau da shi a ƙafa yana hutawa a kowane hawa. Na sa ya ajiye mini shi a ƙasan tagar kicin, inda ba sai an riƙa matsar da shi ba.

Ba wani abu ba ne. Turmi ne kawai, kuma ina bukatarsa.